Takin Bayan Rumfar Teloli

Babanmu bai taɓa barin dabba ta mutu a turkensa ba tare da an sa mata wuƙa ba. Abin alfaharinsa ne, yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba. Idan akuya ta fara rangaji, kafin Inna ta gama salati ya riga ya fuskantar da ita gabas. Cewa yake dabbar da ta yi maka bauta ba ta cancanci a ɗaura mata igiya a ƙafa a ja ta bayan gari karnuka su taru a kanta ba. Don haka ranar da na sauka daga acaɓa a ƙofar gidanmu na tarar da farin sansa a kwance, wuƙa a hannun Yayanmu, shi kuma Baba ya tare gaba ya ce ba mai yankawa, sai da gabana ya faɗi.

Shanun huɗa biyu gare shi, fari da baƙi. Tun suna maruƙa ya haɗa su a karkiya, shi ya hore su da kansa. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Fulatan, wajen garin Rogo, kuma a wajenmu tsohon da ke da shanun huɗa bai tsufa ba tukuna. Shi yake yin huɗarsa, ya yi wa 'ya'yansa, maƙwabta su zo da sassafe su durƙusa su ce a taimaka a sa su a layi. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. In farin ya tafi, Baba ya tashi daga mai shanu ya koma tsoho mai jiran a tuna da shi, kuma wannan ne abin da ya fi tsoro a duniya.

Gonar da suke nomawa ba ta kai a kira ta gona ba idan aka tuna ta kakanmu. Ina yarinya, in aka aike ni kai abinci, sai na huta a hanya kafin in kai ƙarshenta. Kaka ya rasu aka raba wa su Baba. Su Baba suka hayayyafa, mu ma muka hayayyafa. Wannan ya yi aure a yankar masa gefe ya yi ɗaki, wancan ya yi aure a yankar masa. Yau in ka tsaya a tsakiyar rabon Baba ka yi tari, sai an yi maka sannu daga gida. Ba zancen a bar wani ɓangare ya huta, kowace shekara sai ta haihu ko tana so ko ba ta so. Da can Fulani kan sauka a cikinta bayan kaka, su bar mana kashin shanu su wuce. Yanzu burtalin da suke bi ma an shuka masa masara. Takin zamani kuwa, Baba yakan je ya tambayi farashinsa ne kawai don ya sami abin yin faɗa a hanyar dawowa.

Sai ya koma ga abin da ya ga ubansa yana yi, wato kwasar juji. Da rani ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya nufi Rogo. Jujin cikin unguwanni rububinsa ake yi, kowa yana so. Amma akwai wani a bayan kasuwa, bayan rumfunan teloli da masu gwanjo, tsibi guda, baƙi ƙirin, ba mai kula shi. Baba ya dawo yana murna kamar ya tsinci abin duniya, yana cewa mutanen gari ba su san arziki ba. Ya yi shekaru yana kwasowa yana bazawa a gonar.

Na taɓa yi masa magana sau ɗaya. Na ce, "Baba, wannan takin naka ai rabinsa ƙyallaye ne."

Ya dube ni ya ce, "To sai me? Rigar da na auri innarku da ita, ina take? Ta tsufa ta zama tsumma, innarku ta yi gammo da ita, gammon ya mutu aka jefa a juji, aka kai gona. Kin ci ta a tuwo ba ki sani ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Kuma a kan rigarsa gaskiya ya faɗa. Auduga ce, a nan aka noma ta, damina ɗaya ta ishi gara ta gama da ita. Abin da Baba bai sani ba shi ne kayan da ake sawa yanzu. Mutumin da rigunansa duka za su shiga buhu ɗaya, ina zai san anko? A Karaye inda nake aure, ba a yin wata ba a fitar da anko ba. Na biki daban, na kamu daban, na suna daban, har na saukar karatu an fara. A sa sau ɗaya, a ɗauki hoto, a cusa a akwati. Leshi mai walƙiya, yadi mai santsi wanda in garwashi ya taɓa shi ba ya ci da wuta, narkewa yake ya dunƙule. Ga gwanjo, dila-dila ake saukewa daga ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, a zaɓi na zaɓa, wanda ya ƙi shiga a watsar a bayan rumfa. Wai rigar sanyi mai gashi, a garin da ƙwai zai dahu a kan kwanon rufi! Duk wannan shi ne jujin da Baba yake murna da shi.

A bazara, lokacin da harawa ta ƙare, kara ya ƙare, yakan saki shanun a gonar su yi ta kalen abin da suka samu. A bazarar nan ne farin ya fara ramewa. Ya daina tuƙa, ya riƙa cizon haƙora, cikinsa ya fito ta hagu alhali ƙashin bayansa duk a waje. An ba shi kanwa, an ɗura masa jiƙon tsamiya, an ɗura man gyaɗa. Sai ya ɗan warware ya sake komawa. Ga shi ruwan shuka ya sauka, kowa yana jiran huɗar gyaɗa. Da safiyar ranar da na zo farin ya durƙusa, aka yi aka yi ya tashi ya ƙi.

Ni ban ma san abin da ake ciki ba. Abin da ya kawo ni, ankon bikin 'yar Yaya na kawo wa matan gida su gani. Na ajiye ledar a bakin zaure na wuce wajen turke.

Na gaida Baba ya amsa bai dube ni ba. Yana tsugune, hannunsa a kan wuyan san. Yaya yana tsaye a kansa. Can gefe a gindin darbejiya ga mahaucin ƙauyenmu zaune a kan babur ɗinsa, ya harɗe hannu, yana ta sannu da kowa. Mutum ne mai ladabi, amma a ranar ladabinsa haushi ya riƙa ba ni.

Yaya ya ce, "Yawwa, gara da kika zo. Ki yi masa magana. Tun safe nake cewa a yanka."

Baba ya ce, "Wa ya kira wancan?" Yana nufin mahaucin.

"Ni na kira shi, Baba. In ya mutu fa mushe ne. Ba nama, ba fata, ba komai."

"Na san mushe tun ba a haife ka ba."

Maigidana ya san wani likitan dabbobi a Karaye, na taɓa jin ana cewa yakan tsaga cikin saniya ya ɗinke ta tashi. Na faɗa wa Baba. A karon farko ya ɗago ya dube ni, kuma wallahi ban taɓa ganin roƙo a idon mahaifina ba sai ranar. Na nemi lambar na kira. Likitan ya ce yana wani ƙauye wajen Tudun Kaya, yana gamawa zai taho, kada a ƙara ɗura masa komai.

Yaya ya yi tsaki ya ce, "Daga Tudun Kaya? Kin san ko ina ne Tudun Kaya?"

Na ce na sani, ba a Makka take ba. Muka fara sa'insa kamar muna yara, har sai da Inna ta leƙo ta saman zana ta ce mu ji kunya.

Daga nan sai jira. Rana ta take, iska ta ɗauke, ƙudaje suka dame mu. Maza suka fara taruwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya ce, "Malam, ya jikin nasa?" kamar mutum ake jinya, sannan ya koma gefe ya yi ƙasa da murya ya ce da Yaya ai gara a yanka. Ina jin su. Baba ma yana jin su. Ya sa aka kafa zana aka yi wa san inuwa, ya riƙa jiƙa tsumma yana goga masa a hanci. Baƙin kuwa yana ɗaure a turkensa, ya ƙi cin dusar da aka zuba masa, sai ya juyo ya dubi ɗan'uwansa ya yi wani gajeren kuka.

Aka kira azahar. Baba ya ƙi tafiya masallaci, ya shimfiɗa buzu a nan gefen turke ya yi sallarsa. Ina lura da Yaya a lokacin, na ga yana kallon san yana kallon wuƙar. Na matsa na tsaya tsakaninsa da san. Ya ce, "Me kika ɗauke ni?" Na tsaya a inda nake.

Ba wai Yaya mugu ba ne. Shi ke da iyali mafi yawa a gidan, shi ke da biki a gaba, kuma ya san in san ya mutu haka nan ba za a sake haɗa wani ba. In an yanka ko ba komai akwai abin da za a ɗora a kai. Ni ma na san haka. Tun da na ga yadda numfashin yake fita da ƙyar, na fara jin tsoron abin da na jawo da kiran nan. Amma na kasa buɗe baki in ce da Baba ya haƙura.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na sake kira. Likitan ya ce ya taso, amma ruwan shekaranjiya ya cinye hanyar da ya saba bi, kwari ya raba ta biyu, sai ya zagaya. Ina jin ƙarar iska a wayar. Na ce don Allah ya yi sauri. Ya ce, "Hajiya, babur ne, ba jirgi ba."

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Yana hanya, Baba. Ya kusa."

Mahaucin ya sauko daga babur ya matso, ya durƙusa nesa kaɗan. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba shisshigi ba. Ka dubi kunnensa. Ya yi sanyi."

Baba ya kama kunnen ya riƙe. Ya daɗe yana riƙe da shi.

Can sai san ya miƙe wuya, ya kwantar da kansa a ƙasa, ƙafafunsa na baya suka miƙe. Idonsa ya juye. Yaya ya ce, "Baba." Ya sake cewa, "Baba, don girman Allah."

Na dubi hanya. Ba kowa sai wata mata da tulu.

Baba ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba. Yaya ya sa masa wuƙar. Maza suka yi caa, wasu suka kama ƙaho, wasu ƙafa, aka juya shi gabas da ƙyar saboda nauyin cikin. Baba ya shafa goshinsa sau ɗaya, ya yi bisimilla da kabbara, ya yanka da kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a wajena. Jinin bai yi tsartuwa ba, gangarowa ya yi a hankali, baƙi-baƙi. San bai motsa ba. Kowa ya san abin da ake jira: in bai motsa ba, an makara, wuƙar a kan mushe ta sauka. Ba wanda ya yarda ya dubi Baba. Sai jelar ta ɗaga ta faɗi, ƙafar baya ta yi shuri har ta ture wani dattijo.

"Ya motsa! Ya motsa!" Aka yi ta hamdala. Inna ta fashe da kuka a bayan zana, ni ma na bi ta. Baba ya goge wuƙar a ƙasa, ya miƙa wa mahaucin, ya koma gindin darbejiya ya zauna.

An yi nisa da fiɗa likitan ya iso, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya ga abin da ake ciki, ya je ya durƙusa ya yi wa Baba jaje. Sannan ya ce kada a fasa tumbin sai yana wurin.

Mutum biyu suka jawo tumbin da ƙyar. Mahaucin ya tsaga. Muna jiran ciyawa da ruwa su zubo, ba abin da ya zubo. Wani dunƙule ne a ciki, ya cika shi taf, ya murɗe kamar igiyar rijiya. Mahaucin ya sa wuƙa, wuƙar ta ƙi shiga. Sai da aka sa hannu aka fizgo shi. Likitan ya sa aka watsa ruwa. Ruwan yana wanke ƙazantar, launuka suka fara fitowa: leshi ruwan hoda, shuɗin yadi mai ƙyalli, robar wando, zif da haƙoransa, safa, leda, hannun rigar sanyi guda cur. Ko koɗewa ba su yi ba. Da za a wanke a shanya, wani tela zai iya yin faci da su.

Wani ya ce sihiri ne, an yi wa Malam jifa. Na ce masa jifan lafiya, ya je bayan kasuwar Rogo ya ga inda bokan yake zaune. Inna ta ce in rufe bakina a gaban manya.

Baba ya taso ya zo ya tsaya a kan dunƙulen. Ya sa sandarsa ya juya shi. Ya ce, "Wata nawa wannan ya yi a cikinsa?"

Likitan ya ce, "Wani ma ya fi shekara, Baba. Ba ya narkewa. Yunwa ke sa su ci, ga gishirin zufa a jikin tsumman. A ina yake kiwo?"

"A gonata."

"Shi kaɗai?"

Gaba ɗaya muka juya muka dubi baƙin.

Likitan ya je ya shafa shi, ya dunƙule hannu ya danna cikinsa ta hagu, ya sake dannawa da ƙarfi. Ya kira Baba ya kama hannunsa ya ɗora a wurin. Na ga fuskar Baba ta sauya. Likitan ya ce wannan da sauran ƙarfinsa, in an yarda gobe da safe zai tsaga ya fitar, kuma yana sa ran zai tashi. Amma fa ba karkiya, ba amalanke, sai bayan kaka. In kuma an bar shi, zai iya jan garma 'yan kwanaki in an samo masa abokin haɗi, daga nan sai ya bi ɗan'uwansa.

Yaya ya ce akwai mai sa ɗaya a unguwar gabas, za a iya haɗawa a yi huɗar gyaɗa tukuna, in ya so daga baya a yi aikin. Wasu suka ce wannan shawara ce. Iska ta taso, yayyafi ya fara sauka, mahaucin yana ta kiran a kawo buhuna a rufe nama.

Baba ya ce, "Likita, Allah ya kai mu goben."

Yaya ya ce, "To huɗar fa, Baba?"

Baba ya kwance baƙin ya shigar da shi rumfa saboda ruwa.

Na kwana a gida. Ankon ko buɗe shi ba a yi ba. Washegari aka yi aikin a gindin darbejiya, Baba yana riƙe da igiya, aka fitar da abin da ya kusa kai na jiya. Aka ɗinke, baƙin ya tsaya da ƙafafunsa yana rawar jiki. Likitan yana wanke hannu, Baba ya shiga rumbu ya fito da tsohuwar garmarsa ta hannu, wadda rabonsa da ita tun ina goye da ɗana na fari. Ƙotar ta yi sako-sako, ya buga ta a dutse ta zauna. Inna ta ce, "Malam, da wannan bayan naka?" Ya wuce.

Na ɗauki buta na bi shi. Ƙasa ta sha ruwa, gonakin gefe duk an fito, ana jin masu shanu suna kora. Ya tofa yawu a tafinsa ya sunkuya. Sara na farko garmar ta shiga. Na biyu ta sarƙe. Ya ja, ta ƙi, ya sunkuya ya sa hannu ya zaro wani dogon ƙyalle kore, yana ta fitowa daga ƙasa kamar ba zai ƙare ba. Na duba inda garmar ta buɗe, ƙasar duk haka take, hawa-hawa, na bana a kan na bara.

Na ce, "Baba, ka bari a kira yara su tsince tukuna."

Ya miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ƙyallen a ɗaya hannun. Ya ɗaga zai jefar ta dama, gonar ƙaninsa ce. Ya juya hagu, ta Yaya ce. Baya kuma katangar gida ce, awaki suna kiwo a gindinta. Ya tsaya yana dube-dube. Sai ya naɗe ƙyallen a hannu, da taɓonsa da komai, ya tura a aljihun rigarsa, ya sunkuya ya ci gaba da huɗa.